Jirgin faiba ko na katako: zaɓin da ke gaban mazauna gaɓar Tiga

Kiran da gwamnatin tarayyar Najeriya ta yi a 2025 na a daina jigilar fasinja da jiragen katako, a koma ga na faiba da alminiyam, ya shafi al'ummomin kudancin jihar Kano kai tsaye.

A wannan yanki, da ya haɗa Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, madatsar ruwa ta Tiga ce babbar matattarar masunta da masu fito. An kammala gina ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan kogin Kano.

Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya buƙaci jihohi su jagoranci wannan sauyi, bayan jerin haɗurra a Kebbi da Kwara da Neja. Ita ma Kano ta ɗanɗana: a ranar 30 ga Nuwamban 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai, inda aƙalla mutane 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya.

Fifikon faiba

Ana ƙera jirgin faiba ne da zaren gilashi da ake jiƙawa da wani danko, a bar shi ya sandare a cikin tsarin da aka tanada. Ba ya ruɓewa, ba ya shan ruwa kamar katako, kuma rashin nauyinsa na rage shan mai.

Sai dai kafintan ƙauye na iya toshe ɓarakar jirgin katako a yini guda. Shi kuwa na faiba, idan ya daki dutse ko kututture ya tsage, sai an nemo danko da gwanin aikin. Tun bayan janye tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023, kuɗin injin da kayan gyara ya yi tashin gwauron zabo.

Kama da wane

Ko a tsakanin jiragen faiba biyu masu tsawo ɗaya da fenti ɗaya, akan sami bambancin da ido ba ya gani. Wani an cusa masa soso mai hana nutsewa a ƙarƙashin daɓe da kujeru, ta yadda ko ya cika da ruwa zai ci gaba da yawo a sama, fasinja su sami abin riƙewa. Wani kuwa an rage masa kauri don a sauƙaƙa farashi.

Haka nan jirgin shaƙatawa da aka ƙera don mutane shida ba zai zama na fito ba don kawai an ƙara masa benci. Mai saye, gwamnati ce ko ƙungiyar masu fito, na buƙatar sanin nauyin da maƙeri ya ƙayyade da ƙarfin injin da ya dace.

Wannan ne ya sa sauya jirgi kaɗai ba zai wadatar ba. Abubuwan da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ke yawan ɗora wa alhakin haɗurra su ne lodi fiye da kima, tafiyar dare da rashin rigar kariya. Muddin babu mai ƙidaya fasinja a mashigi ranar kasuwa ko biki, jirgin faiba ma zai iya kifewa kamar na katako.