Matar da Ta Yaga Hoton Paparoma

Har wa yau akwai Kiristoci waɗanda idan an ambaci sunan Sinead O'Connor, mawaƙiyar nan ta ƙasar Ailan, ba abin da suke tunawa sai hoto guda ɗaya. Ran 3 ga watan Oktoba 1992, a wani shirin talabijin na daren Asabar a birnin Niyok, ta tsaya ita kaɗai ba makaɗi, ta rera wata waƙar Bob Marley wadda ta sauya wa waɗansu kalmomi domin su yi magana a kan cin zarafin yara. Da ta gama sai ta ɗaga hoton Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, ta yayyaga shi a gaban masu kallo, ta ce a yaƙi abokin gaba na ainihi. Tun daga ranar aka yanke mata hukunci. Da ta musulunta a 2018, ta kuma mutu a 2023 ba ta kai shekara sittin ba, sai masu wannan ra'ayi suka ga kamar maganarsu ta tabbata, watau ga ƙarshen mai raina shafaffe na Ubangiji. Wannan hukunci ba na adalci ba ne, bai kamata kuwa a bar shi ya zauna a bakin masu bi ba.

Sai a fara da gidan da ta fito. An haife ta a Dablin ran 8 ga Disamba 1966, aka yi mata baftisma, aka sa mata sunayen Maryamu da Bernadette. Ailan ta wancan zamani ƙasa ce da kusan dukan makarantu da asibitoci da gidajen marayu suke hannun Ikkilisiya. Daga can ne fadoci da sistoci da yawa suka zo Afirka ta Yamma, suka buɗe makarantu a Kaduna da Jos da sauran wurare, alherinsu kuwa ba mai musun sa. Sa'ad da Paparoma ya ziyarci ƙasar a 1979, mutum fiye da miliyan ɗaya suka taru a fili guda a Dablin domin su gan shi. A cikin wannan ƙasa mai ibada ne yarinyar ta girma a hannun uwa wadda, bisa ga shaidarta har ƙarshen ranta, take dukanta da wulakanta ta ba dare ba rana. Hoton nan da ta yaga ba a kasuwa ta saye shi ba. A bangon ɗakin uwarta yake rataye, ta cire shi bayan uwar ta mutu a haɗarin mota a 1985, ta ajiye shi shekara bakwai.

Tana wajen shekara goma sha biyar aka kama ta da 'yan sace-sace a kantuna da gudun makaranta, aka kai ta wani gidan horon 'yan mata da ake kira An Grianán, wanda sistoci suke riƙe da shi a High Park cikin Dablin. Ta yi wata goma sha takwas a can. Gidan yana haɗe da ɗaya daga cikin gidajen wankin nan da aka sa wa sunan Maryamu Magadaliya, inda ake tsare matan da aka ce sun faɗi, suna wanke tufafin mutanen gari ba lada, waɗansu tun suna 'yan mata har su tsufa. Ta ba da labari cewa in ta yi laifi akan tura ta ta kwana a sashen da tsofaffin nan suke jinya suna jiran mutuwa. A gidan ne kuma wata sista ta ba ta jita, ba ta taɓa ɓoye wannan alheri ba. Mai karatu ya riƙe sunan High Park, gama za a komo kansa.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 1987 ta fitar da faifanta na fari na kiɗan rok, The Lion and the Cobra, sunan kuwa daga Zabura ta 91 ta ɗauko shi. Masu kamfanin faifai sun so ta tara gashi ta sa gajeren siket domin kasuwa, sai ta je ta aske kanta ƙwal, haka kuma duniya ta san ta. A 1990 waƙar Nothing Compares 2 U, wadda Prince ya rubuta, ta kai ta matsayi na ɗaya a ƙasashe da yawa, faifan da ke ɗauke da ita ya sayu miliyoyi. A 1991 aka ba ta lambar Grammy, ta ƙi zuwa karɓa. Ashe dai a daren 1992 mace ce mai shekara 25 wadda take da dukan abin da mawaƙi yake nema, ta kuma san abin da za ta rasa. Mai neman suna ba ya yin haka.

Ta kuwa rasa shi. A Niyok aka tara faifanta a titi aka bi ta kansu da motar daɓe hanya. Mako guda bayan abin, ɗan wasan nan Joe Pesci ya fito a shirin nan ya ce da yana wurin da ya kwaɗa mata mari, jama'a suka tafa. Ran 16 ga Oktoba, a bikin girmama Bob Dylan a Madison Square Garden, taron ya yi ta mata ihu har ta kasa rera waƙar da ta shirya, Kris Kristofferson ne ya rungume ta ya fitar da ita. Daga nan ba ta ƙara samun kasuwa irin ta dā a Amurka ba.

To, sai a dubi abin da shekaru suka tono. A 1993, shekara ɗaya tak bayan hoton, sistocin High Park suka sayar da wani yanki na filinsu, aka haƙa domin a kwashe kaburbura, aka sami gawar mata 155, waɗansu ba ko takardar mutuwa. A 1994 shari'ar Fada Brendan Smyth, wanda ya yi shekaru da yawa yana lalata yara ana sauya masa wurin aiki, ta kai ga faɗuwar gwamnatin Ailan. A 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo irin wannan a Amurka. A watan Mayu 2009 rahoton Ryan ya fito bayan bincike na shekara tara, littafi biyar, a kan duka da fyaɗe a gidajen yara da ƙungiyoyin addini suka riƙe. A Nuwamba na shekarar nan rahoton Murphy ya bincika yadda manyan Ikkilisiyar Dablin suka bi da ƙararraki daga 1975 zuwa 2004, ya iske cewa abin da ya fi damunsu shi ne rufin asiri, da gudun abin kunya, da kare suna da dukiyar Ikkilisiya, lafiyar yaran kuwa tana baya. A Maris 2010 Paparoma Benedict na 16 ya rubuta wa Katolikan Ailan wasiƙa ta ba da haƙuri, ya tsauta wa bishop-bishop. A Agusta 2018 Paparoma Faransis ya tsaya a filin nan na Dablin inda miliyan ta taru a 1979, ya roƙi gafara. Ba maƙiyan Ikkilisiya ne suka ƙaga waɗannan ba. Magadan Bitrus biyu sun amsa da bakinsu abin da aka kira yarinyar nan mahaukaciya saboda shi.

Akwai masu cewa ko da maganarta gaskiya ce, hanyarta ba daidai ba ce. Lalle yaga hoton uba na ruhaniya abu ne mai zafi, ya kuma ɓata ran tsofaffi masu bangaskiya waɗanda ba su san kome ba, ba su kuma yi kome ba. Amma wace hanya ce aka bar mata? Iyaye sun bi hanyar ladabi, sun je gidan bishop sun yi magana a hankali, aka sallame su da alkawari, aka kai mai laifin wata majami'a inda ba a san shi ba, ya iske waɗansu yara. Ruwa ba ya tsami banza. Littafin Sama'ila na Fari bai ce Eli da kansa ya taɓa matan da suke hidima a ƙofar alfarwa ba. 'Ya'yansa Hofni da Finehas ne suka yi, shi kuwa ya ji, ya yi musu faɗa mai laushi, ya bar su a kan aikinsu, hukunci ya sauko a kan gidansa duka. Wanda aka aiko ya faɗa masa kuwa yaro ne ƙarami mai kwana a haikali. Ubangiji Yesu ma, a Matiyu sura 18, dutsen niƙa da zurfin teku ya ambata domin mai sa ƙanana tuntuɓe. Duk mai koyar da katekisma ya san wannan aya. Abin mamaki shi ne a 1992 an sami dubban masu fushi domin takarda, yaran kuwa sai da suka jira alƙalai na gwamnati.

Ba wanda yake cewa a mai da ita tsarkaka. Ta yi aure sau huɗu. Ta goyi bayan zubar da ciki, wanda Ikkilisiya ta haramta. A 1999 ta yarda wani bishop wanda ya ɓalle daga Roma ya naɗa ta firist a Lourdes, naɗin da ba shi da tushe ko kaɗan. Ta sha faɗin magana yau ta janye gobe, ta kuma yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa a fili, ba ta ɓoye ba. Amma shaida ba ta lalacewa domin mai ba da ita yana da rauni, balle in raunin daga abin da yake ba da shaida a kansa ya fito. Macen da aka ce ta ƙi Allah kuwa ita ce a 2007 ta fitar da faifai mai suna Theology, wanda ta gina yawancin waƙoƙinsa a kan Zabura da Ishaya da Irmiya da Ayuba.

Zancen musuluntarta shi ne ya fi yi wa Kiristan da ke zaune tsakanin Musulmi nauyi, gama yana jin kamar an yi masa dariya a kasuwa. A Oktoba 2018 ta yi kalmar shahada, daga baya ta ɗauki sunan Shuhada Sadaqat. Mai bi yana da iko ya yi baƙin ciki da wannan, gama tunkiya ce ta bar garke. Abin da ba shi da iko ya yi shi ne ya mai da fitarta hujja cewa dā ma ƙarya take yi. Shekara 26 ke tsakanin hoton da shahadar. A cikinsu an tabbatar da maganarta a kotu da majalisa da wasiƙar Paparoma, tana nan kuwa tana karanta annabawa tana rera su. Makiyayin da ke cikin misalin Ubangiji, da ya ƙirga ya ga ɗaya ba ta, bai zauna yana lissafa laifofinta ba.

A Janairu 2022 ɗanta mai shekara 17 ya mutu. Ita kuma aka iske ta ta rasu a gidanta a Landan ran 26 ga Yuli 2023, tana da shekara 56, binciken likita ya nuna ciwon huhu ne da asma. Ran 8 ga Agusta aka bi da gawarta ta bakin teku a garin Bray inda ta daɗe da zama, dubban mutane suka yi layi a hanya suna rera waƙoƙinta. Shugaban ƙasar Ailan na lokacin, Michael D. Higgins, ya halarci jana'izar. Limamin Musulmi, Shehu Umar Al-Qadri, shi ya yi mata addu'a.