Mun Yi Kukan Rufe Masallaci, Wa Ya Yi Kukan Tukunyar Maƙwabci?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarrabar bayinSa da lafiya da cuta, da ƙoshi da yunwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, na san akwai masu ganin tone-tone ne a dawo da maganar annobar korona bayan Allah Ya yaye mana ita. Ni kam ban yarda ba. Jarrabawa ce aka yi mana, sakamako ya fito, muka naɗe takardar muka tura ƙarƙashin tabarma ba tare da mun karanta ba. Shi kuwa ɗalibin da bai duba inda ya faɗi ba, a nan ɗin dai zai sake faɗuwa.

Mu tuna yadda abin ya kasance. A ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da ɓullar cutar a Legas. Cikin watan Maris aka rufe makarantu a faɗin ƙasa. Kano ta sami nata kamuwar farko a ranar 11 ga Afrilu, aka kulle gari a ranar 16, azumi ya kama a ranar 24, sannan a ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara wa jihar kullen mako biyu. A cikin waɗannan makonni ne mace-mace suka yawaita har masu haƙan kabari suka koka. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mamata 979, kuma kimanin rabi ko fiye suna da nasaba da cutar.

To, garin da akasarin mutanensa sai sun fita suke samun na cefane, me kulle yake nufi a wurinsu? Ɗan dako a Singa da Dawanau, yaron shago a Kantin Kwari, mai tuƙa A Daidaita Sahu, mai faskare, bazawarar da ke suyar ƙosai a ƙofar gida tana riƙon marayu, duk hanyar abincinsu ta toshe rana ɗaya. Malamin Islamiyya da ke jiran ɗan kuɗin wata, da alaramman da ke jiran kuɗin Laraba, suka wayi gari ba ɗalibai, ba sisi. Ɗaliban jami'a kuwa annoba ta haɗe musu da yajin aikin ASUU, wanda aka fara a Maris 2020 ba a janye ba sai Disamba, suka dawo gida suka ƙara wa iyaye bakunan ciyarwa.

A wannan hali, me ya fi ɗaga mana hankali? Rufe masallatai. A kansa aka yi ta raddi da raddin raddi, aka jefi wasu malamai da sayar da addini, aka kama wasu limamai da suka ƙi bin doka. A Kusada ta jihar Katsina ma, a ƙarshen Maris 2020, har ofishin 'yan sanda matasa suka ƙona saboda hana Juma'a. Ba na raina kishin masallaci, Allah Ya tsare ni, domin zuciyar da ba ta yi zafin ganin ƙofar ɗakin Allah a garƙame ba, akwai tambaya a kanta. Amma ina so masu ilimi su amsa mini: ashe ba a littattafan fiƙihunmu muka karanta cewa Juma'a tana faɗuwa da uzurin ciwo, ko tsoro, ko ruwa mai tsanani, mutum ya sallaci Azahar a gidansa ba? Ke nan Juma'a tana da madadi. To mene ne madadin tuwo ga yaron da ya kwana biyu bai ci ba? Wace ruhusa ce ta ɗauke wa mai rumbu ciyar da maƙwabcin da yunwa ke neman hallakawa? Mun zuba ƙarfinmu a kan abin da Shari'a ta yi mana sauƙi, muka yi sanyi a kan abin da ba ta ɗaga mana ƙafa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka yi da almajirai. A watan Afrilu 2020 gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da su jihohinsu na asali, aka yi ta loda yara a motoci daga Kano zuwa Jigawa, Katsina, Kaduna da sauransu, su ma suna maido nasu. Da aka gwada su a inda aka sauke su, aka sami da dama ɗauke da cutar. Duk ra'ayin da mutum yake da shi game da bara, kuma ni ma ba mai goyon bayanta ba ne, waɗannan yara ne masu karatun Alƙur'ani, baƙi a garin da ba nasu ba. A al'adarmu ta dā, kowane almajiri yana da gidan da ake ajiye masa kwanonsa, yana da uwar ɗaki mai tambayarsa in ba ta gan shi ba. Da annoba ta zo, unguwanni nawa ne suka tashi suka ce wa hukuma: waɗannan amanarmu ne, a bar su a tsangayarsu, mu za mu kai musu abinci har a buɗe gari? Shekara da shekaru suna yi mana wanke-wanke, suna kai mana niƙa, muna roƙon malamansu addu'a, amma ranar wuya sai muka juya musu ƙeya.

Kada kuma a ce babu dukiya. Tun ƙarshen Fabrairu 2020 Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi, Hajjin shekarar kuwa mazauna ƙasar ƙalilan ne suka yi shi, haka ma na 2021. Najeriya mai kujeru dubu 95 a lokacin ba ta kai alhaji ba shekara biyu a jere. To, Alhaji da Hajiya da ba sa fashin goman ƙarshe a Harami, ina guzurin ya tafi? Kuɗin jirgi da masaukin mutum ɗaya buhun gero nawa zai saya a Dawanau? Allah Ya rufe musu ƙofar nafila, Ya buɗe musu ta wajibi a ƙofar gidansu, amma da yawa suka maida kuɗin banki suna jiran a buɗe hanya.

Wani zai ce wannan ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, nauyi na farko a wuyan shugabanni yake, kuma Allah zai tambaye su. Amma duk mun ga abin da ya faru a Oktoba 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a Jos, Legas, Yola, Jalingo da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafi jibge, watanni bayan kulle. Wanda ya ga wannan ya ci gaba da rataya cikin maƙwabcinsa a wuyan gwamnati kaɗai, to kansa yake yaudara. Laifin shugaba ba ya wanke na attajiri.

Wani kuma zai ce ai an yi taimako, sai dai an ɓoye saboda ikhlasi. Na yarda, kuma na shaida. Akwai matan da suka raba tukunyarsu biyu suka miƙa ta katanga, akwai masu shago da suka yafe bashi, akwai ƙungiyoyi da matasan unguwa da suka bi gida-gida da awo. Allah Ya saka musu da Aljanna. Sai dai alherin ya zo a warwatse. Mai baki ya karɓa sau uku, mai kunya bai samu ko sau ɗaya ba. Ga kuma masu raba taliya ƙulli biyu da masu ɗaukar hoto biyar, a jera dattijai a rana, a watsa fuskokinsu a Facebook, a sayi mutuncin bawan Allah da abin da bai kai abincin kwana biyu ba. Wannan ba sadaka ba ce, talla ce.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. A masallacin Manzon Allah (SAW) akwai Ahlus Suffa, ɗalibai matalauta irin su Abu Huraira (RA), waɗanda sahabbai ke rarraba su zuwa gidajensu domin cin abinci, mutanen Madina kuma suna rataye musu damman dabino a cikin masallacin. Ƙabilar Ash'ariyyawa, idan abinci ya yi musu ƙaranci, sukan tara ɗan abin da kowa ke da shi su raba daidai, kuma Annabi (SAW) ya yabe su a kan haka. A shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya afka wa Hijaz, annobar Amwas kuma ta ɗauke su Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (RA) a Sham, Sayyidina Umar (RA) ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya naɗa mutane su kula da masu gudun yunwa da suka sauka a gefen Madina, ya sa ana dafawa ana ƙidaya masu ci, shi kuma ya haramta wa kansa nama da man shanu har jama'a suka farfaɗo. Ka lura, ɗan'uwa: tausayi ne tare da tsari, da ƙidaya, da mutanen da aka ɗora wa alhaki.

Mu kuwa masallatanmu suna da kwamitin gini, da na janareta, da na tafsiri, ana gasar tayil da na'urar sanyaya ɗaki da dogayen hasumiyoyi. Amma ka tambayi kwamitin yawan marayu da zawarawa da ɗalibai mabuƙata da ke cikin unguwar, sai a fara kallon juna. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa mutum takwas da ake bai wa zakka, cikinsu har da faƙiri da miskini da mai bashi da matafiyin da guzuri ya yanke wa. Yaya za a kai musu haƙƙinsu alhali ba a san gidajensu ba? Akwai hukumomin zakka da waƙafi a Kano, Sakkwato, Zamfara da wasu jihohi, amma hukuma daga ofis ba za ta san gidan da aka kwana ba a hura wuta ba. Liman ne da mai unguwa da matan cikin gida suka sani.

Don haka kirana ga limamai da dattawan unguwa shi ne: kowane masallacin Juma'a ya buɗe littafin sirri na mabuƙatan yankinsa, a sa mata amintattu cikin aikin, domin su ke shiga inda maza ba sa shiga. A ware kaso sananne daga tarin Juma'a domin abinci, a sayi hatsi da kaka lokacin da yake araha a adana, a riƙa karanta wa jama'a lissafi a fili. Kowace tsangaya a haɗa ta da gidajen da za su ɗauki cin yaranta, a kuma yi wa malaman Islamiyya asusun ko-ta-kwana. Attajiri ya fitar da ɗaya bisa arba'in ɗinsa cikakke, manomi ya fitar da ushirinsa, a kai da dare, ba ganga ba hoto. An kafa hukumar kula da ilimin almajirai ta ƙasa a 2023, amma ba ita za a tambaya a kabarina ko naka ba.

Annoba ta wuce, yunwa ba ta wuce ba. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023 ta kai gidaje da yawa inda kulle ma bai kai su ba. Ba sai mun jira wata cutar ba kafin mu gyara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya Allah Ka jiƙan waɗanda muka rasa, Ka yafe mana haƙƙin maƙwabta da marayu da almajirai, Ka sanya mu cikin masu ciyarwa dominKa, Ka tsare mu daga annoba da ƙeƙashewar zuciya. Amin.