Daga shayin rage ƙiba zuwa 'sha-ka-fashe': Wa ke auna matan Batsari da Safana kafin a sayar musu da magani?

Duk macen da ke riƙe da babbar waya a garin Batsari ko Safana ta san irin wannan talla. Tana shigowa ta WhatsApp, TikTok ko Facebook: shayin da zai narkar da tumbi cikin mako guda, ƙwayar da za ta "daidaita homon", garin da zai dawo da jinin al'adar da ya ɗauke har ya kawo haihuwa. Ana tura kuɗi, a ɗoro kaya a motar haya daga Katsina ko Kano. Wadda ba ta da waya kuwa, dillaliya ce za ta kai mata har ɗaka, ko ta tsinci labarin daga lasifikar mai magani ranar kasuwa.

Abin da ba a yi a duk cinikin shi ne tambaya. Ba a tambayar mai saye ko tana da juna biyu, ko tana shayarwa, ko tana da hawan jini, balle a ce ta je a auna jininta. Ita ta faɗi cutarta, mai kaya ya yanke kuɗi. A nan haɗarin yake.

Kasuwar fuska biyu gare ta. Mai jiki ana sayar mata da na ragewa, siririya kuma ana miƙa mata ƙwayoyin da aka yi wa laƙabi da sha-ka-fashe don ta ciko, musamman idan biki ya matso. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke sayar da duka biyun, kuma da kalma ɗaya yake tallarsu: gyara.

Me ke cikin kayan? Da yawa daga shayin rage ƙiba na ɗauke da ganye dangin filasko, wanda kowace tsohuwa a ƙauye ta san aikinsa shi ne sa gudawa. Mace za ta yi ta zarya ban ɗaki, cikinta ya lafe, ta ɗauka kitse ne ya tafi, alhali ruwa da gishirin jikinta ne suka zube. Idan abin ya daɗe, hanji kan saba har ya kasa aiki sai da shi.

Akwai wanda ya fi wannan muni. A shekarar 2010 aka janye maganin rage ƙiba mai suna sibutramin daga kasuwannin Amurka da Turai saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Amma tun daga lokacin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa cewa ganye ne zalla. Ko sinadarin da ake tatsa daga koren shayi, idan aka dunƙule shi da yawa a ƙwaya, likitoci sun tabbatar yana iya taɓa hanta.

Shi kuwa sha-ka-fashe, yawanci ƙwayar deksametason ce, wani lokaci a haɗa da mai buɗe ciki. Magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa bisa ƙa'ida don cututtuka irin su asma mai tsanani. Cikar da yake kawowa kumburi ne da kitsen da ke taruwa a fuska da ciki, tare da hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da rikicewar al'ada. Ga wani abin mamaki: shi kansa homon ne na haɗi, kuma yana sa jiki ya rage samar da nasa. Saboda haka wadda ta daɗe tana sha, yanke shi rana ɗaya ma haɗari ne, sai dai a rage mata sannu a hankali a asibiti.

Homon dai sinadarai ne da jiki ke samarwa don tafiyar da al'ada, ɗaukar ciki, ruwan nono, da yadda abinci ke narkewa ya zama ƙarfi. Suna da yawa, kuma rikicewar kowanne da sababinta. Akwai larurar ƙwan mace da likitoci ke kira PCOS, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kusan mace ɗaya cikin goma, kuma mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Akwai matsalar ƙullutun wuya da ke haddasa maƙoƙo, wadda kan sa ƙiba ko rama. Akwai ciwon suga. Kowacce da gwajinta da maganinta. Kwalba ɗaya da aka ce tana gyara duka, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Sannan a dubi inda ake wannan ciniki. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, kuma sun shafe shekaru cikin hare-haren 'yan bindiga. Ƙauyuka sun tashi, gonaki sun kwana ba noma, mata da dama sun koma zaman gudun hijira a cikin gari. Yunwa da firgici da rashin barci kaɗai sun isa su ɗauke wa mace al'ada, haka ma doguwar shayarwa. A watan Yulin 2025, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, kuma da ta auna iyaye mata 750 da ke jinyar 'ya'yansu, fiye da rabi su ma suna fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. Macen da ta rame saboda tukunya ba ta hawa wuta sau uku, a sayar mata da ƙwayar kumburi da sunan gyara, wannan zalunci ne.

Ba a ce duk wani ƙarin magani banza ne ba. Akwai waɗanda amfaninsu ya tabbata, kuma su ne suka fi araha. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke son kowace mai ciki ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum, waɗannan ja da rawayan da ake bayarwa wurin awo. Gishiri mai sinadarin aidin na kare maƙoƙo. Wake, gyaɗa, zogale, rama, ƙwai da hanta suna yin aikin da babu shayin kwali da zai yi. Abin takaici, ƙwayar awo kan ƙare a ƙarƙashin katifa ba a sha ba, ta mai talla kuwa har bashi ake ci a saya.

Ita ma ƙiba cuta ce ta gaske ga wasu. Wannan binciken ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan ƙasar sun haura nauyin da ya dace. Amma hanyarta sananniya ce: rage lemon kwalba, sukari da soye-soye, rage malmalar tuwon dare, yawaita motsa jiki, da auna jini da suga. Hanya ce mai jinkiri, shi ya sa ba ta da masu talla.

Ɗora wa matan laifi shi ne mafi sauƙi, amma ba adalci ba ne. Wadda ke Runka ko Ruma, zuwa asibitin Batsari, Dutsin-Ma ko Katsina na nufin kuɗin mota, izinin miji da fargabar hanya, dillaliya kuwa tana ƙofar gida kuma ba ta tsawa. Ga gorin da ke tura ta: miji ya ce ta zama randa ko ta zama sillen kara, dangin miji su ce shekara biyu ba ɓatan wata, ga barazanar kishiya. Magidancin da ke furta irin wannan magana ya san cewa yana cikin masu tallar, ko da bai karɓi ko kwabo ba. Kuma rashin haihuwa ba daga mace kaɗai yake zuwa ba, gwaji na mutum biyu ne.

Hukumar NAFDAC na da aiki a gabanta, ta riƙa ɗibar samfurin waɗannan kaya a kasuwannin ƙauye tana aunawa, ta kuma bayyana sakamakon da Hausa a rediyo. Jama'a su sani cewa lambar hukumar a jikin maganin gargajiya ba shaida ba ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta, kuma ana buga ta jabu. Masu kemis su daina sayar da deksametason ba takardar likita. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin biyu su tabbatar ƙananan asibitoci na da ma'auni, abin gwajin jini da suga, da ma'aikaciya mace da za a iya faɗa wa sirri. Malamai, musamman na makarantun Islamiyyar matan aure, su sa batun cikin karatu.

Ga mace kuwa, idan al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki, ko jiki ya sauya ba dalili, kuɗin da za ta tura wa mai shayi gara ta riƙe su na mota da gwaji. In ta riga ta fara shan wani abu, ta tafi da kwalinsa ta nuna wa ma'aikacin lafiya ba tare da jin kunya ba.