Lambun Unguwa: Aron Da Ya Kamata Hukumar Abuja Ta Bai Wa Mazaunanta

A Abuja, kalmar Turanci da ke nufin lambu ta daɗe da sauya ma'ana. Duk wanda aka ce wa a haɗu a "gadin" da yamma ya san kujerun roba zai tarar, da gasasshen kifi, da kwalabe, da kiɗa har tsakar dare. Da yawa daga cikin waɗannan wurare suna zaune ne a kan filayen da babban tsarin birnin na 1979 ya keɓe domin itatuwa da shan iska. Wasu filayen an ba da su haya ga masu wannan sana'a, wasu an yanka an yi gine-gine a kai, wasu kuma an bar su sun zama juji da maɓoyar ɓata-gari. Akwai hanyar da ta fi waɗannan duka amfani, kuma ba ta buƙatar kwangila: Hukumar Babban Birnin Tarayya ta ara wa ƙungiyoyin mazauna unguwanni irin waɗannan filaye, da rubutaccen izini, su yi lambun kayan miya da aikin sa-kai.

Buƙatar a fili take ga duk wanda ke karɓar albashi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko tumatir da tattasai daga Kano ko Jos zuwa kasuwannin Dei-Dei, Wuse da Utako ya hau kan farashinsu. A watan Yunin 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin ɗari. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar, naira 70,000 ne. Ƙaramin ma'aikacin da ke shigowa Sakatariyar Tarayya daga Nyanya ko Kubwa, kuɗin mota ne ke fara cin albashinsa, tukunyar miya kuwa ita ce ke ɗaukar ragowar hasarar.

Doka ba ta hana shi taimakon kansa ta wannan fuska ba. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a jadawalinsa na biyar, ya haramta wa ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na ƙashin kansa, amma ya keɓe noma. Matsalar ita ce inda zai yi noman. Gonar da ke bayan gari tana cin mai, kuma satar mutane da aka sha fama da ita a yankunan Bwari da Kuje ta sa da yawa sun haƙura da zuwa. Gasar lambu a kowane gida da uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta ƙaddamar tana da kyakkyawar manufa, sai dai ta fi dacewa da mai tsakar gida. Wanda ke haya a hawa na uku a Garki, ko a ɗaki da falo a Lugbe, ba shi da ƙasar da zai kafa fartanya. Filin da ya rage masa shi ne na jama'a, wanda yake wucewa ta gefensa kullum.

Lambun unguwa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi ya ga aikin gayya. Ana raba fili zuwa fangali-fangali, kowane gida ya ɗauki nasa, a bar wani sashe na kowa da kowa, wanda amfaninsa ke zuwa ga marayu da gajiyayyun unguwa. Aikin yau da kullum shi ne ban ruwa, safe da yamma, bisa jadawalin da aka liƙa a bakin ƙofa. Waɗanda suka yi ritaya da matan da ke gida su riƙe ranakun aiki, ma'aikata su karɓa Asabar da Lahadi. Wani ya kula da renon iri har lokacin dashe, wani ya kula da ramin taki, inda ɓawon doya, ganyen da aka share da kashin kaji ke ruɓewa, maimakon a kwashe su zuwa jujin Gosa. Ma'aji ya riƙe ɗan abin da ake tarawa na sayen iri, tiyo da gyaran baro. Alayyafo yana isa yanka cikin wata guda, kuɓewa ta fara 'ya'ya cikin kimanin wata biyu, zogale kuwa idan ya kama ya zama na shekaru.

Akwai kuma ribar da ba a aunawa da kwando. Abuja gari ne da maƙwabci kan shekara bai san sunan maƙwabcinsa ba. A bakin fangali, darakta da direba suna jiran tiyo ɗaya. Mutumin Kudu ya nuna yadda ake ɗora wa ugu sanda, Bahaushe ya nuna yadda ake dashen albasa, Bagwari kuma, wanda iyayensa suka nomi wannan ƙasa tun kafin dokar 1976 da ta kafa birnin, ya fi kowa sanin halinta. Yaran da suka ɗauka daga kanti tumatir ke fitowa su ga furensa da idonsu. Masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda dama suna da ranar aikin raya al'umma a kowane mako, su sami aikin da za su bari a bayansu.

Tarihi ya nuna cewa shela kaɗai ba ta raya irin wannan aiki. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka kira ma'aikata da ɗalibai su yi shuka a bayan gida da harabar makaranta. Ɗokin ya daɗe gwargwadon daɗewar kiran, sannan ya lafa. Inda lambunan jama'a suka ɗore, takarda ce ta riƙe su. A Ingila, dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da filayen lambu na haya, har ta ba mazauna shida damar neman a duba buƙatarsu, kuma tsarin yana nan har yau. A birnin New York, shirin GreenThumb da aka kafa a 1978 yana ba ƙungiyoyin 'yan sa-kai lasisin amfani da filayen hukuma, kuma lambunan da ke ƙarƙashinsa sun haura 500. Duk da haka, a 1999 hukumar birnin ta sa fiye da lambuna 100 a gwanjo, sai da ƙungiyoyin agaji suka saye su a ƙurarren lokaci. Darasin a bayyane yake: ba wanda zai shekara yana zuba taki a ƙasar da katafila za ta iya shiga gobe ba tare da sanarwa ba.

A Abuja lamarin ya ma fi sauƙi ta fuskar doka, domin ƙasar yankin duka tana hannun Gwamnatin Tarayya, Ministan birnin ne ke da ikon rabonta. Abin da ake buƙata shi ne izinin amfani na shekara biyar, mai yiwuwar sabuntawa, da sunan ƙungiyar mazauna unguwa mai rajista. A rubuta a ciki cewa ba gini, ba sayarwa, ba jingina, ba shago ko rumfar shaye-shaye, kuma izinin ba zai taɓa rikiɗa ya zama takardar mallaka ba. A wallafa jerin filayen da ƙungiyoyin da suka karɓa, kowa ya gani. Idan aka yi watsi da fili tsawon damina guda, ya koma hannun hukuma.

Masu ja da wannan shawara suna da hujjojin da suka cancanci amsa. Na farko, tsoron kada lambu ya zama ƙofar mamaye fili. Amsa ita ce filin da ba kowa a kansa shi ya fi saurin salwanta. Gidaje arba'in da ke ban ruwa kullum sun fi allon gargaɗi tsaron fili, domin ranar da aka sauke bulo da dare, da safe akwai masu tambaya. Na biyu, batun tsabta da kyan birni. Masara da dawa suna yin duhu, don haka izinin ya taƙaita ga kayan miya da ganyaye marasa tsayi, Hukumar Kare Muhalli ta Abuja ta riƙa dubawa. Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne ruwa. Daga Nuwamba zuwa Maris sama ba ta bayarwa, kuma bai dace a karkatar da ruwan sha na Dam ɗin Usuma zuwa fangali ba alhali wasu unguwanni na sayen ruwa a wurin mai garuwa. Haka nan bai halatta a ɗebo daga kwata ba. Nazarce-nazarcen da aka yi kan lambunan da ke shan ruwan Jakara a Kano sun daɗe suna gargaɗi kan gubar da ke shiga ganye. Saboda haka a fara da noman damina, a tara ruwan sama a tankuna, a gwada ƙasa da ruwan rafi kafin a ba da izinin noman rani.

Gaskiya ne lambun unguwa ba zai karya farashin shinkafa ba, kuma ba zai sauke wa gwamnati nauyin tsaron manoman karkara ba. Abin da zai yi shi ne rage kuɗin cefanen gidaje, kare filayen da ake ta yanka, da haɗa mutanen da katanga ta raba. Wannan ya isa dalili.

Abin lura shi ne waɗanda za su fi cin moriyar tsarin su ne kuma ke da hanyar tabbatar da shi. Mataimakan ministoci da na 'yan majalisa, daraktoci da jami'an sashen filaye, su ke tsara takardun da manya ke sa wa hannu. Takarda mai shafi biyu da ke ba da shawarar gwaji a filaye goma, a Gwarinpa, Kubwa, Karu da Lugbe, ba ta buƙatar ƙarin kasafi. Ƙungiyoyin mazauna rukunin gidaje ma ba sai sun jira ba: su auna filin da ke kusa da su, su tara sunayen masu son yin aiki, su rubuta wa sashen kula da wuraren shaƙatawa tun kafin ruwan Afrilu ya sauka. Fartanya, iri da hannuwa duk suna nan a unguwanni, sa hannun hukuma kawai ake jira.