Annoba Ba Ta Jiran Kwamiti: Batun 'Yan Sa-kai a Babura da Kewaye

Sanin kowa ne cewa da zarar hunturu ya ja baya, zafin bazara ya kunno kai, hankalin iyaye a Babura, Kazaure, Roni da Gwiwa ba ya kwanciya, domin lokacin sanƙarau ya zo. Idan mai karatu bai manta ba, a 1996 wannan cuta ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta hallaka sama da 11,000. A ɓarkewar 2022 zuwa 2023 kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zaton sun kamu a ƙasar nan 'yan Jigawa ne, daidai lokacin da cutar ke ɓarna a jihar Damagaram ta Nijar. Babura ba ta da nisa da wannan iyaka, kuma kasuwa da zumunci ba su san shinge ba.

Tambayar ita ce, wa ke fara ganin annoba? Ko shakka babu, likitan babban asibiti shi ne na ƙarshe. Unguwarzoma, mai unguwa, limamin da ya sallaci gawar yara uku a mako guda, direban da ya ɗauko marar lafiya da tsakar dare, su ne idon hukuma. A ƙa'idar da ake bi a ƙasashen da sanƙarau ya saba wa, idan aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda sai a shiga shiri, idan suka kai 10 an shiga annoba. Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai labari ya fito daga ƙauye da wuri, ga shi cutar na iya kashe yaro cikin kwana ɗaya.

Mun ga amfanin 'yan sa-kai a yaƙi da shan-inna. Bayan ƙauracewa allurar da aka yi a Kano a 2003, abin da ya dawo da amincewar jama'a shi ne bakin sarakuna da malamai, da kuma matan unguwa masu bi gida-gida. Da taimakonsu aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a Agustan 2020. Sai dai akasarin ɗawainiyar waɗannan mata ta dogara ne ga tallafin waje, wanda ya ja baya ainun tun 2025. Idan aka bar su suka watse, an zubar da horon shekaru.

Don haka wajibi ne ƙananan hukumomin nan, tare da masarautar Ringim da Babura ke ƙarƙashinta da kuma ta Kazaure, su yi rajistar 'yan sa-kai a kowace mazaɓa, har da 'yan agajin ƙungiyoyin addini da direbobin tasha. A horar da su tun da kaka: su gane sandarewar wuya da kumburin maɗigar jariri, su iya haɗa ruwan gishiri da sukari, su riƙe lambar jami'in sa ido kan cututtuka. A kuma ware musu kuɗin mota da na waya da kayan kariya, domin aikin gayya ma sai da fura. Amma kada a mai da su madadin ma'aikatan jinya. Aikinsu sanarwa ne da kai marar lafiya asibiti.

Mu ma 'yan boko da muka tare a Dutse, Kano da Abuja muna da alhaki. Ƙungiyoyin ci-gaban garuruwanmu za su iya ɗaukar nauyin horo ɗaya a shekara. A Maris 2024 Jigawa na cikin jihohin da aka fara yin sabuwar allurar Men5CV, amma allura ba ta kai kanta hannun yaro, sai an samu wanda iyaye suka yarda da shi ya yi sallama a ƙofar gida. Da sanyin safiya ake kama fara. Allah Ya kare mu.