Shafin Lafiya: Maganin da Ya Yi Ɓarna Jiya Yana Tsai da Jinin Hanji Yau

Akwai wata cuta mai cin mutum a ɓoye, galibi dattawan da suka haura shekara 60. Ƙananan jijiyoyin jini na bangon ƙaramin hanji sukan kumbura su yi laushi, sa'an nan su riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan. Majinyaci ya ga bayan gidansa ya yi baƙi, idonsa ya yi fari, ga kasala ga haki. A ƙara masa jini a asibiti, bayan 'yan watanni ya komo.

Wuyar al'amarin ita ce ƙaramin hanji ya kai kamar mita 6 a tsawo, kuma a nannaɗe yake. Likita kan zura bututu mai kyamara ya ƙone jijiyar da ya gani, amma sau da yawa in an kashe wannan sai wata ta ɓullo. Saboda haka aka koma neman maganin sha ko na allura.

Abin mamaki, wanda ya yi fice shi ne talidomayid. An fara sayar da shi a Jamus ta Yamma a 1957, mata masu ciki suka sha, aka haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasa, da yawa da guntayen hannaye da ƙafafu, aka janye shi a 1961. Daga baya masana suka gano yana hana sababbin jijiyoyi tohowa, abin da wannan cuta ke bukata ke nan.

A 2023 likitocin ƙasar Sin suka bayyana gwajin da suka yi wa mutum 150 na wata 4. Cikin masu shan miligiram 100 kullum, kusan kashi 69 cikin ɗari zubar jininsu ta ragu da rabi ko fiye a shekarar da ta biyo. Masu shan miligiram 50 kashi 51, masu shan ƙwayar da ba magani a ciki kuwa kashi 16 kacal. A 2024 kuma wani gwaji a Holan ya nuna allurar oktiriyotayid ta wata-wata tana rage yawan ƙarin jini.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Talidomayid kan kawo taurin bayan gida, yawan barci, kumburin ƙafa da mutuwar yatsu, mai ciki kuwa ko kusa da shi kada ta je. Wanda ya ga baƙin bayan gida ya nufi asibiti, kada ya tsaya kantin magani, domin irin wannan magani sai da idon likita.