Tarin da Ya Ƙi Jin Magani

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, ciwon manomi ma sai ya jira gona. Tari ya kama magidanci da damina, sai ya ce bari a gama maimai. An gama maimai, an yi huɗa, sai ya ce bari masara ta shigo gida a samu na asibiti. Kaka ta yi, an kai buhuna kasuwar Dandume, kuɗi sun shigo hannu, sai ga hunturu ya sauka, kowa a gidan yana tari, a ce ai ƙura ce. Kafin a farga an ci wata shida. A kan tagar ɗakinsa kwalaben maganin tari na kemis sun jeru, an sha citta da kanumfari da zuma, wandon da yake ɗaurewa daidai yanzu sai ya ƙara jan mazagi.

Sau da yawa irin wannan tari a wajenmu tarin fuka ne, kuma a nan an yi ƙoƙari. Duk wanda ya yi mako 2 yana tari zai iya kai kakinsa a auna kyauta, in an samu ƙwayar cutar a ba shi maganin wata 6, shi ma kyauta. Damuwata tana ga mutumin da aka auna aka ce babu. Ya ce alhamdulillahi, ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya hau mota ya koma Kafur ko Bakori da tarinsa. Haka wanda aka ɗora a kan maganin fuka, ya sha wata 2 bai tsallake ko rana ɗaya ba, amma ramar tana ƙaruwa. Daga nan ne ’yan uwa ke fara cewa wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne.

Sau da yawa na asibiti ne. Sankarar huhu tana zuwa da kamannin tarin fuka: tari mai naci, jini a kaki, ciwon ƙirji, haki, rama, wani lokaci dishewar murya. Ita ce sankarar da ta fi kowace kisa a duniya. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 2.5 sun kamu da ita, kimanin miliyan 1.8 kuma sun rasu. Abin da ke raba mai tsira da mai rasuwa, bayan ikon Allah, shi ne lokacin da aka gano ta. A Ingila, fiye da rabin waɗanda aka gano tasu a matakin farko suna kai shekara 5 a raye. Waɗanda tasu ta riga ta bazu a jiki, ba su kai 1 cikin 10 ba. Tana ƙarama, likita zai iya yi wa huhun tiyata ya cire wurin. In ta shiga ƙashi ko hanta, sai gashin na’ura da ruwan magani don a rage azaba a ja kwana.

A Amurka suna kiran masu shan taba da yawa ’yan shekara 50 zuwa 80 su riƙa shiga na’urar hoto ta CT duk shekara, tun ba su ji komai ba. Mu ba mu kai nan ba, kuma ba zan yaudari kowa ba. Abin da ke hannunmu shi ne hoton ƙirji, da takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, inda za a duba da kyau, in ta kama a ɗebi ’yar tsoka a auna. Daga Funtuwa zuwa Shika ba tafiyar yini ba ce. Mun saba kai waken suya wuraren da suka fi nan nisa.

Taba ce uwar matsalar, kusan kashi 85 cikin 100 na masu cutar ta hanyarta suka samu. Dokar taƙaita taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba. Kowa ya tsaya teburin mai shayi a bakin tasha ya ga yadda ake bin dokar. Wanda ya daina yau, bayan shekara 10 haɗarinsa yana raguwa da kusan rabi, don haka dattijon da ke cewa shi kam ya makara bai makara ba.

Kada kuma a manta da iyayenmu mata. Ba su taɓa sa kara a baki ba, amma sun shekara talatin suna hura ɗanyen ice da karan dawa a madafin da ko taga babu. Hayaƙin nan yana cin huhu, kuma tsohuwa in tana tari ba a cika ɗaukarta da muhimmanci ba.

Roƙona ga Ma’aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ɗaya ne, kuma ba mai tsada ba ne. Duk wanda ya haura shekara 40, aka auna kakinsa babu fuka, tarin kuma bai tafi ba, kada a sallame shi da maganin tari. A ɗauki hoton ƙirjinsa a nan Funtuwa ko Malumfashi, a rubuta masa ranar dawowa, a karɓi lambar wayar ɗansa ko ƙaninsa. In ranar ta zo bai bayyana ba, a kira, kamar yadda ma’aikatan tarin fuka ke bin sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani.